Nomau da Ƙasar Ɗan Haya

A ƙauyen Gangaren Kanya akwai wani gida mai zaure ɗaya da shago ɗaya a ƙofa, mutum biyu ne kacal a cikinsa, Tasalla mai daddawa da ƙanenta Nomau. Tasalla ta haura hamsin, mijinta ya rasu, 'ya'yanta duk suna ɗakunan mazajensu a wasu garuruwa, ga ciwon baya da ya hana ta ɗaukar ko da tulu. Nomau kuwa ya doshi arba'in, ƙato ne mai ƙarfi kamar san huɗa. Ba ya faɗa, ba ya ƙarya, ba ya ƙin aike. Abu ɗaya ne ke damun mutane da shi: abin da ka faɗa shi zai yi, babu ƙari babu ragi. Mutanen gari wawa suke ce masa. Ni dai da na zauna na auna, sai na ga rabin laifin na masu wayon ne, su da suke sakin magana yadda ta zo bakinsu, su bar wa mai sauraro aikin gyara ta. Gidan kuwa gadon ubansu ne, ba su da wani. Ranar da tsohon zai cika ya riƙe hannun Tasalla ya ce kome wuya kada ta bari Nomau ya rasa wurin kwana, ita kuma ta ce ta ɗauka.

Ana nan sai wani baƙo mai suna Sagiru ya zo daga birni ya kama hayar shagon. Mutum ne mai fara'a da yawan gaisuwa. Ya ce shi manomin zamani ne, ramar ƙasar waje yake gwaji, irin wadda ba ta son iska ba ta son idon mutane. Ya kafa farantin sola a kan rufi, ya rataye fitilu, ya liƙe taga da baƙar leda, ya jera bokitai talatin ya cika su da ƙasa. Tasalla ba ta taɓa leƙawa ba, don ba ɗabi'arta ba ce shiga ɗakin namiji. Bayan wata huɗu sai sanƙira ya zaga gari da shela, cewa hukuma ta ce duk gidan da aka samu wiwi, ko alamar an noma ta, za a garƙame shi a tafi da mai shi. Washegari da sassafe Sagiru ya ɗaure buhunansa, ya sauke farantinsa, ya ce zai je gaida mahaifiyarsa. Da Tasalla ta ga kwana uku shiru, ta tura ƙofar shagon. Wani wari ya buge ta, irin wanda take ji a bayan tasha inda zauna-gari-banza ke taruwa. Ga bokitai cike da ƙasa, kowanne da guntun kututture a tsakiya, ga busasshen ganye mai yatsu a ƙasa. Nan take ta gane ramar da aka noma mata a gida, tsoro ya kama ta har sai da ta dafa bango. In aka rufe gidan nan, ita dai ta san inda za a kai ta, amma Nomau ina zai nufa?

Wata rana da hantsi ta kira shi, ta yi ƙasa da murya.

"Nomau."

"Na'am, Yaya."

"Ka ga ƙasar da ke cikin shagon nan? Ka kwashe ta kaf ka zuba a bayan rumbu. Kada ka bar mini ko ƙwaya ɗaya a ɗakin."

"To, Yaya."

Nomau ya tuɓe riga ya kama aiki. Ya juye bokitai talatin a bayan rumbu, ya kankare su, ya share ɗakin tas. Har ya ɗauki rigarsa sai ya dubi inda ya taka, ya ga ai daɓen ma ƙasa ne. Ya ji kunya ta kama shi, saura kaɗan ya ha'inci Yaya. Ya ɗauko diga da shebur. Da Tasalla ta idar da sallar azahar ta leƙo, sai ta tarar da shi a cikin rami har gwiwa, gumi yana zuba.

"Innalillahi! Me kake yi haka?"

"Ƙasa nake kwashewa. Da sauran aiki, Yaya, duk inda na sara sai in tarar da wata a ƙarƙashi." Ya ɗaga kai ya dubi bango. "In na gama nan zan koma wa wancan, na lura shi ma da ita aka yi shi."

Da ƙyar ta raba shi da digar. Ƙasar da take son ta ɓace kuwa ta ninka uku, ta zama tudu a bayan rumbu, ta ɗan haya da ta gado duk sun cakuɗe.

Wata rana bayan la'asar ta aro baro a maƙwabta, ta ce ya cika shi ya kai bayan gari ya zubar a kwazazzabo. Ta kama hannunsa ta jaddada masa.

"Ka ji ni da kyau. Kada kowa ya gan ka da ƙasar nan."

Nomau ya turo baro ya fito. Hanyar bayan gari kuwa dole ta bi ta gindin durumi, inda dattawa ke zaman majalisa, inda kuma Barau wanzami ke aski. Nomau ya tsaya daga nesa ya yi sallama da ƙarfi.

"Jama'a, don Allah ku rufe idanunku zan wuce. Yaya Tasalla ta ce kada kowa ya gan ni da ƙasar nan."

Aka fashe da dariya. Duk suka rufe don su ga ƙarshen abin, wani tsoho har ya ja hula ya rufe fuska. Barau ne kaɗai ya ƙi, aska tana kan ƙeyar wani.

"Kai Nomau, in rufe ido da aska a kan mutum? So kake in yanke masa kunne?"

"To, zan jira ka gama, Baba Barau."

Ya juya wa baron baya, ya baza rigarsa a kai, ya tsaya. Barau ya gama da wannan, wani ya zauna. Ya gama da shi, wani ya zauna, don ranar jajibirin kasuwa ce. Cikin jiran ne wani ya tambaye shi wace irin ƙasa ce wannan mai kunya haka. Nomau ya ce ta ɗan haya ce, wadda ya noma ramarsa a ciki. Dattawa suka dubi juna, dariyar ta ɗan ragu. Da aka kira magariba Nomau ya juyo da baronsa gida, ya gaya wa Yaya cewa bai samu wucewa ba, amma ta kwantar da hankalinta, mutum ɗaya ne kawai ya gan shi.

Wata rana Tasalla tana tsaye tana kallon tudun nan, baƙin ciki ya cika ta, ta ce, "Ni dai Nomau, ka mayar da tsiyar nan inda ta fito, in daina ganinta." Ta faɗa ne kawai don ta rage zafin zuciya, ta shige ɗaki. Shi kuwa Nomau murna ta kama shi, don wannan aikin ya san kansa. Shi ne ya yi wa Sagiru dakon kayan tun farko: yashi daga rafi, kashin shanu daga rugar Arɗo Buba, ɓuntun shinkafa daga injin casa. Abin da ya rage kawai shi ne a raba su. Ya ɗauko matankaɗin da Yaya ke tankaɗe garin tuwo, da faifanta, da ƙwarya uku, ya zauna a inuwa. Yana tankaɗewa, yana bushewa, yana tsince da yatsa. Kwana uku yana wannan aiki kafin ya raba cikin bokiti ɗaya. Ya kai yashi rafi ya zuba a daidai inda ya ɗebo. Ya kai ɓuntu injin casa, mai injin ya bi shi da kallo baki buɗe. Sannan ya ɗauki ƙwaryar taki ya nufi ruga.

"Arɗo, ga takinku na dawo da shi. An gama amfani da shi, an gode."

Arɗo Buba ya leƙa ƙwaryar, ya dubi Nomau, ya sake leƙa ƙwaryar.

"To, madalla. Wace saniyar zan ce wa an gode?"

Nomau ya yi tunani, sannan ya ce gaskiya bai riƙe fuskarta ba, amma a gaida su duka. Arɗo ya yi dariya har da hawaye, ya sa aka dama masa fura da nono. Da ya dawo gida ya nuna wa Yaya wani ƙunshi da ya ɗaure da kyau ya rataye a zaure, saiwoyi ne da kututture. Ya ce su ne bai san inda suka fito ba, don ba shi ya kawo su ba, shi ya sa ya rataye a inda mai su zai gani in ya zo wucewa. Tasalla ta fizge ƙunshin ta cusa a murhu. Matankaɗin kuwa ya huje, ranar tuwon tsaki suka ci.

Wata rana ta kasa daurewa, ta je ta samu Baba Kallamu mai lambu, abokin ubansu, ta gaya masa kome. Tsohon ya saurara har ta gama. Ya ce ita ƙasa ba ta da laifi, abin da aka ba ta shi take riƙewa. Abin tsoro kawai shi ne in akwai irin da ya zube a ciki, don ruwa na sauka zai tsiro. Ya ce ta sa a dafa ƙasar kaɗan-kaɗan, zafi zai kashe duk abin da ke ciki, daga nan a gauraya ta da sabon taki a shuka alayyafo, kafin wata biyu babu mai sanin abin da ta taɓa ɗauka. Tasalla ta dawo da ɗan sanyi a ranta. Sai dai a ranar aka aiko mata 'yarta ta haihu a wani gari, dole ta tafi. Tana ɗaura mayafi tana ba da sallahu, wannan karon ta ce bari ta yi masa misali da abin da ya sani.

"Ka ga yadda nake yi wa kalwa in zan yi daddawa? To haka za ka yi wa ƙasar nan. Ga tukunya can, ga itace."

Nomau ya shekara talatin yana kallon Yaya tana daddawa, babu matakin da bai haddace ba. Ya cika tukunya da ƙasa ya dafa ta yini guda. Ya zuba a turmi ya surfa. Ya wanke, abin da ya rage ya sake dafawa. Ya juye a kwando, ya rufe da ganye da tsumma, ya kai ɗaki ya bar ta kwana uku ta ruɓa, yana leƙawa yana shinshinawa. Ran na huɗu ya kirɓa ta, ya mulmula, ya fyaɗa ta fale-fale, ya jera a tabarma a tsakar gida. Gaskiya aikin ya yi kyau, ko Tasalla ba ta fi shi iya fyaɗi ba. Ta dawo daga suna ke nan tana ajiye ƙunshinta, sai ga wata maƙwabciya ta shigo neman daddawar miya. Ta ɗauki ɗaya daga tabarma ta kai hanci, ta ɓalla ta ɗanɗana, ta tofar.

"Tasalla, lafiya kuwa? Daddawar nan taki ta yau ko ƙamshi babu, ga tsakuwa."

Tasalla ta dubi tabarma, ta dubi Nomau da ke tsaye yana jiran yabo. Ta rasa ko dariya za ta yi ko kuka. Tukunya ɗaya ce ta dahu a mako guda, tudun kuwa yana nan a bayan rumbu yadda ta bar shi. Da yammacin ranar hadari ya haɗo daga gabas, ruwan farko ya sauka.

Wata rana da safe, mako guda bayan ruwan, Tasalla ta zaga bayan rumbu ta ga abin da take gudu. Tsiro bakwai sun fito a jikin tudun, kore shar, har waɗansu sun fara buɗe 'yan yatsunsu. Tana tsaye a wurin sai ta ji mata a bayan katanga suna cewa motar hukuma ta shigo gari, tana ƙofar gidan dagaci. Ta zauna a ƙasa. Duk dabararta ta ƙare, ta gaji da ɓoyo, ta gaji da tsoro.

"Yaya, ga rama ta fito," in ji Nomau. "Me za a yi da ita?"

"Me za a yi kuwa? Ai sai ka kwasa ka kai wa dagaci ya gani da idonsa, kowa ya huta!"

Ta tashi da ƙyar ta shige ɗaki ta turo ƙofa. Duk mai hankali ya san gatse ta yi, amma Nomau bai san gatse ba. Ya ɗauko fartanya ya haƙo tsiron ɗaya bayan ɗaya da ƙasarsu, a hankali don kada ya ji musu ciwo, tun da an ce a gani ne. Ya jera su a baro, ya ƙara ƙasa shebur biyu, ya bi tsakiyar gari da rana tsaka yana gaida mutane.

A ƙofar gidan dagaci an shimfiɗa tabarmi. Dagaci yana zaune, kusa da shi wani jami'i mai furfura riƙe da takarda, biyu kuma suna tsaye a jikin mota. Maganar ramar ɗan haya ta daɗe da zaga gari har ta kai kunnen da ba a so, sunan gidan Tasalla ne a kan takardar, shirin tashi ma suke yi. Nomau ya ajiye baro, ya cire takalmi, ya durƙusa.

"Ranka ya daɗe, Yaya Tasalla ta ce in kawo maka ka gani da idonka, kowa ya huta."

Jami'in ya taso ya duba baron, ya taɓa ganye ɗaya, ya dubi Nomau.

"Ka san mene ne wannan?"

"Ramar ƙasar waje ce, ta Sagiru ɗan haya."

"Wa ya shuka ta?"

"Ta farkon shi ya shuka, a cikin shago, ya liƙe taga. Wannan kuwa ruwa ne ya shuka ta."

"Yayarka ta san abin da yake nomawa?"

"Ba ta taɓa shiga ba sai da ya tafi. Da ta shiga ta dafa bango."

"Ina Sagirun yake yanzu?"

"Ya ce zai gaida mahaifiyarsa. Amma ni na kai masa buhuna tasha, motar da ya shiga ba ta garinsu ba ce, ta kudu ce, mai zanen zakara a baya."

Jami'in ya rubuta wannan, ya daɗe yana kallon Nomau. Ya yi masa tambayoyin nan a juye, ya sake yi a karkace, amsa ba ta canja ba. Can ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya ce wa dagaci mai ɓoyo ba ya aiko da kayansa a baro, matar nan rahoto ta kawo, kuma ta kawo shi kafin a je mata. Ya ce amma za su je su ga wurin.

Tasalla ta ji tsayawar mota a ƙofar gida. Ta riga ta ɗaure 'yan tufafinta a zane, ta yafa mayafi, ta fito ta tsaya a zaure da ƙunshin a hannu. Da ta ga Nomau a tsakiyarsu da baro, ta gane abin da ya yi. Ta durƙusa a gaban dagaci.

"Ranka ya daɗe, ni ku tafi da ni. Alfarma ɗaya nake roƙo, in an rufe gidan a bar masa zauren nan ya riƙa kwana. Ba shi da kowa."

"Tashi, Tasalla," in ji dagaci. "Wa ya ce za a rufe? Ai kin yi abin da ya kamata da kika aiko. Da kowa zai yi haka da mun huta."

Ta ɗago kai, ta buɗe baki za ta yi magana.

"Haka ta ce, ranka ya daɗe," in ji Nomau. "Da kunnena na ji."

Ta rufe bakinta. Jami'an suka duba shagon da raminsa, suka duba tudun, suka tara tsiron bakwai suka ƙona a gaban kowa. Mai furfurar ya ce ƙasar tasu ce, su shuka abin miya a kai, in wani tsiron ya sake leƙowa a tumɓuke a kai wa dagaci. Suka shiga mota suka tafi, 'yan kallo suka watse.

Tasalla ta zauna a dokin ƙofa da ƙunshin a cinya, ta kasa kwance shi. Sai yanzu hawayen da ta riƙe tun ranar shela suka zubo. Nomau ya tsaya yana kallonta, ya rasa laifin da ya yi wannan karon, don shi a iya saninsa aike aka yi masa ya je ya dawo.

"Nomau," ta ce, "yau a ina za ka kwana?"

"A ɗakina mana, Yaya. Ko an ce a canja?"

"Ba a ce ba." Ta share ido da gefen mayafi. "Ba kuwa za a ce ba."

"To," in ji Nomau. Ya ja baron ya nufi bakin rijiya ya wanke shi, don na aro ne.